Ranar da Na Buɗe Rumbun Baba

Kun tashi kun tarar ana ce mini Garba Majigi, kuma babu wanda na taɓa zaunar da shi a cikinku na gaya masa mafarin sunan. Jikokina sun ɗauka son kallo ne ya jawo mini. Kwanan baya jikana Sadiƙu ya zo ya tura mini wayarsa a fuska wai in ga wani fim, kafin in gama goge gilashina an harbe mutum ya fi a ƙirga, mota ta kama da wuta, wata yarinya tana ta kururuwa. Na tambaye shi abin da ya rage masa a zuciya daga wanda ya kalla shekaranjiya, ya tsaya yana sosa ƙeya. To ni a duniya fim ɗaya na taɓa kallo da zuciyata, a cikinsa ma wuri ɗaya, wanda tsawonsa bai kai na alwala ba, kuma har yau in na rufe ido ina ganinsa. A ƙauyenmu wasu sun ce Baba ya tsine mini a kan wannan al'amari, wasu sun ce sayar da mutuncinsa na yi wa 'yan birni. Duk ba haka ba ne, amma kada ku ɗauka gaskiyar za ta wanke ni.

Shekarar fari ce, ta biyu a jere. Ruwa ya sauka muka yi shuka, ya ɗauke, muka sake, ya sake ɗaukewa. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe a tsaye. A ƙasarmu ta arewacin Kano gona a jikin gona take, babu dajin da mutum zai faɗa ya nemi abin kaiwa baki, saboda haka kafin tsakiyar rani an gama da ganyen tafasa da na kuka, an koma kan dusa. Samari suka watse cin rani. Ni ban tafi ba domin ni ne babba a gandun Baba, ina da mata, Asabe, uwarku, da jaririya 'yar wata huɗu. Ke ce, Hadiza. Nonon uwarki ya ƙafe, kukanki ya koma kamar na ɗan mage, daga ƙofar ɗaki ma sai an kasa kunne ake ji.

Ku da kuka tashi kuna sayen shinkafa a kanti ba za ku gane abin da rumbu yake nufi ba sai na gaya muku. Namu na ƙasa ne, babba, da jinka a kansa, kuma a gidan gandu maigida kaɗai ke hawansa. Ni da gemuna ban taɓa leƙa cikinsa ba. Kowace safiya Baba zai jingina tsani ya hau da kwando a rufe, ya sauko ya miƙa wa mata awon ranar. A shekarar nan bai fasa ba ko rana ɗaya, alhali duk mun san abin da yake saukowa da shi dusa ce da ya hau da ita. Inna kuwa sai ta zuba 'yar dusar a turmi ta yi ta luguden daka da ƙarfi don makwabta su ji, ta hura wuta ko babu abin ɗorawa don a ga hayaƙi. Makwabtan ma abin da suke yi ke nan. Gari guda muna jin yunwa, kowa yana taya kowa ɓoyewa, in an haɗu a masallaci a ce lafiya lau. A lokacin abin haushi yake ba ni, ina ganin girman kai ne. Sai da na tsufa na gane shi kaɗai ya rage wa mutanen nan da fari bai cinye ba.

Ana cikin haka wata mota ta zo daga birni da mutum biyu da kayan ɗaukar hoto. Shugabansu wani siriri ne mai gilashi da wando tsuke, mai yawan magana. Mai riƙe kyamarar kuwa wani dattijo ne, Malam Bukar, asalin iyayensa mutanen Barno ne amma a Kano aka haife shi, shi ba ya magana sai ta kama. Dagaci ya tara magidanta a gindin tsamiya, mai gilashi ya yi bayani. Ya ce manya a birni suna samun takardu iri biyu, wata ta ce ana yunwa, wata ta ce lafiya ƙalau, to gani ya kori ji. Gida ɗaya suke so a buɗe musu rumbu su ɗauka, a kai a nuna, ko Allah zai sa a turo hatsi. Kowa ya sunkuya yana nazarin yatsun ƙafarsa. Can sai Malam Audu makwabcinmu, wanda na san 'ya'yansa kwana biyu ba su ga tuwo ba, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, mu dai nan alhamdu lillahi. Sai dai ko a gwada ƙauyen gaba."

Aka watse a kan haka. Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana tufkar igiya, don ita yake kaiwa kasuwa a lokacin. Na durƙusa na faɗa masa abin da ke raina.

"Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu bar mutanen nan su gani."

"Wa ya ce maka yau ranar wanka ce?" Bai ɗago ba. "Allah ya san abin da ke cikin rumbun nan tun kafin ni in sani, bai tona mana ba. Sai kai?"

"Yarinyar nan za ta mutu, Baba."

"Rai na Allah ne. Ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi na fita. Washegari ranar kasuwar Gezawa ce. Tun da sassafe ya ɗaura igiyoyinsa a ka ya kama hanya, ni kuma ina ganin ya sha kwana na nufi gidan dagaci inda baƙin suka sauka. Ba wanda ya zuga ni, ba a kuma ba ni komai ba. Da ƙafata na je, da bakina na ce su zo.

Da hantsi muka shiga gida. Na jingina tsanin Baba na hau, na ture jinkar ta faɗi ƙasa, na leƙa. Abin da na gani ya fi wofin da nake tsammani ciwo. Rumbun a share yake tas, har sawun tsintsiya ana gani, wani tsohon kwando a kife a gefe guda. Ashe tsohon nan kullum in ya hau sai ya shiga ya share wurin da babu ko ƙwaya ɗaya. Ina tsaye a kan tsani, sai na ji mai gilashi yana kira daga ƙasa wai in sauko a hankali, in buɗe tafin hannuna, in ɗaga su sama, in dubi gajimare in yi kuka. Gajimaren ma babu. Na sauko na ɗaga hannu, kuka ya ƙi zuwa. Ya ce a sake. Na sake hawa na sake saukowa, ya ce fuskata kamar ta mai jiran canji a kasuwa. A karo na uku ya ciro man zafi daga aljihu ya ce in shafa a ƙasan ido. Na shafa, hawaye suka zubo kamar an buɗe famfo, ya yi ta tafi yana cewa yauwa. Makwabta kuwa sun yi layi a bayan danga, ido kawai ake gani ta tsakanin kara.

A daidai nan Baba ya yi sallama. Ashe wani mai keke ya cim masa a hanya ya shaida masa, ya juyo tun bai kai kasuwa ba. Ya shigo da ƙunshin igiyoyinsa a ka, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Mai gilashi ya ja da baya. Malam Bukar bai ɗaga ido daga kyamararsa ba, ina jin ƙararta tana ci gaba da juyawa. Baba ya dubi jinkar da ke yashe a ƙasa, ya dubi bakin rumbun a buɗe, ni kuwa ko inda nake bai kalla ba. Na so a ce ya ɗauki igiya ya zane ni a gaban kowa, da ya fi mini sauƙi. Sai ya sauke kayansa, ya shiga zaure ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa da hannunsa a inuwar rumbun, ya gaida baƙin gaisuwa cikakkiya, gajiya da iyali da mutanen birni, bai tsallake ko ɗaya ba. Da suka zauna ya juya wajen ɗakunan mata ya ɗaga murya yadda na baya danga za su ji.

"A kawo wa baƙi fura."

Rabon gidanmu da fura ya fi wata biyu. Na san haka, Baba ya san haka, matan da ke ciki sun san haka. Aka ɗauki lokaci ba motsi. Sai ga Inna ta fito da kanta, ba ta aiko kowa ba, ta yafa mayafinta na zuwa biki, tana ɗauke da babbar ƙwaryarta mai zane wadda ba a fito da ita sai ranar suna, an rufe ta da sabon faifai, ludayi a kai. Ta zo a hankali kamar mai tsoron kada ta zube, ta durƙusa ta ajiye a gaban Baba, kanta a ƙasa, ta ce wa baƙi sannu da zuwa. Baba ya ɗaga faifan ta gefensa kaɗan, ya sa ludayi ya yi ta juyawa, ya daɗe yana juyawa yadda ake yi wa fura mai kauri don kada gari ya kwanta. Ina tsaye a bayansa, na ga abin da ke ciki. Ruwan randa ne, an ɗauraye turmi a ciki ya ɗan yi fari. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya miƙa wa mai gilashi.

"Bisimilla. Ba yawa, a yi haƙuri da mu."

Mai gilashi ya leƙa, bakinsa da bai rufu ba tun safe ya rufu. Ya sha. Sannan ne Malam Bukar ya tsayar da kyamararsa, ya zo ya tsuguna ya karɓi ludayin, ya sha uku, ya goge baki da bayan hannu.

"Allah ya ƙara arziki, Baba. Wannan fura ta yi gardi. A yi wa mai damu godiya."

Da suka tafi Baba ya kira ƙanena Musa suka mayar da jinkar tare, ina tsaye kamar baƙo. Kashegari bayan sallar asuba ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ambaci tsinuwa ba, ku riƙe wannan.

"Wanda ya buɗe rumbu shi ne maigida, gida ɗaya kuma ba ya ɗaukar magidanta biyu. Ka ɗauki gonar bakin hanya. Ka ja dangarka ta gabas, ka fid da ƙofarka."

Haka aka cire ni daga gandu. Daga ranar kuma Baba ya daina zama a gindin tsamiya, shi da a da ba a yanke magana sai ya iso. Daga gida sai masallaci, a can ma sahun baya, yana sallamewa ya fita. Kowace safiya ina zagayawa in durƙusa in gaishe shi, ya ce lafiya, shi ke nan. Abin da nake nema a duniya a lokacin guda ɗaya ne, tsohon nan ya buɗe baki ya ce ya yafe mini. Inna kuwa ba ta taɓa ta da maganar ba. Ni ɗan farinta ne, tun da aka haife ni ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, magana ma sai ta bi ta kan wani. Sai dai Asabe ta riƙa tsintar ƙulli a gindin danga, wani lokaci ɗan garin rogo, wani lokaci busasshen zogale, mun kuma san daga bakin wa aka rage shi.

Bayan 'yan makonni aka kawo hatsin taimako, wata irin dawa ja da ba mu saba da ita ba. Nonon uwarki ya dawo, Hadiza, kukanki ya yi ƙarfi har ya fara hana mutane barci. Amma ƙauyukan da ba a ɗauki hoton kowa ba su ma an kai musu, rana ɗaya da mu. Har gobe ban sani ba ko abin da na yi ya ƙara ko mudu ɗaya, kuma wannan ƙashi ne da ya tsaya mini a wuya. Damina ta zo da albarka, amma Inna ba ta ci sabon gero ba. Jikinta ya riga ya gama tafiya, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta ana dab da girbi.

Bayan an gama kaka masu ɗaukar hoton suka dawo da motar majigi, mai nuna fim. Aka kafa farin ƙyalle a bangon makaranta, ana idar da sallar isha'i gari ya hallara, maza a gaba, mata a baya. Baba bai je ba. Fim ɗin ba shi da murya, akwai wani mai sharhi da lasifika wanda ke bayani, mutum mai baki kamar an ɗaura masa ganga. Aka nuna busassun gonaki da rijiyoyi na wasu garuruwa, sai ga ni ƙato a jikin ƙyalle, hannu a sama, hawaye shaɓe-shaɓe. Mai sharhi ya dage yana cewa ku dubi wannan bawan Allah, ku dubi baƙin ciki. Fili ya ɗauki dariya. Mutanen da suka binne 'ya'yansu a shekarar nan sun san yadda mai yunwa yake kuka, sun san ba ya ɗaga hannu, ba shi da ƙarfin ɗagawa. Wani ya yi ihu daga baya wai Garba wa ya shafa maka barkono. A daren nan na sami sunan da kuka tarar, kuma na cancance shi.

Sai Baba ya shigo cikin hoton da igiyoyinsa a ka. Mai sharhi ya fara cewa ga wani dattijo, daga nan bai ƙara ba, ko ya manta da aikinsa ne oho. Dariya ta mutu. Ba abin da ake ji sai ƙarar injin. Aka ga yana shimfiɗa tabarma. Sannan Inna ta fito, Inna da muka binne wata biyu da suka wuce, tana tafe da ƙwaryarta a hankali. Hoton ya tsaya a kan hannun Baba yana juya ludayi, yana juyawa, da gefen faifan, da kan Inna a sunkuye. Ba a nuna cikin ƙwaryar ba ko sau ɗaya. Amma daga wajen mata na ji wata ta fara shessheka, wata ta kama, Malam Audu da ke kusa da ni ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Ba wanda ya gaya musu abin da ke ciki. Babu gidan da ba a fito da irin wannan ƙwarya ba a shekarar nan, kowa tasa ya gani.

Ana naɗe ƙyalle na sami Malam Bukar a bayan mota. Na tambaye shi ko kyamarar ba ta kama cikin ƙwaryar ba ne.

"Ta kama sarai. Da na zo haɗawa na sa almakashi na cire. Mai gidana ya yi faɗa, ya ce nan ne hujjar take."

"To me ya sa ka cire?"

"In na nuna musu ruwa za su ce ayya, su je gida su manta. In na bar shi a rufe, kowa zai tafi da shi." Ya ci gaba da naɗe waya. "Ban da haka ma, tsohuwar nan ta rufe abinta da faifai. Ni wane ne da zan buɗe?"

Bai faɗa don ya soke ni ba, amma maganar ta shige ni har ƙashi. Baƙo daga birni ya san abin da ɗan gida bai sani ba.

Da safe na zagaya gaida Baba kamar kullum. Yana zaure da tufkarsa. Na gaishe shi ya ce lafiya, na yunƙura zan tashi, sai na ji ya yi magana.

"An ce jiya an nuna mu."

"An nuna, Baba."

"Sun nuna abin da uwarka ta kawo?"

"Sun nuna ƙwaryar, ba su nuna cikinta ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Baba."

Ya ajiye igiyar a cinyarsa. Ya yi hamdala a hankali har sau uku, ya ce Allah ya rufa wa mutumin nan asiri yadda ya rufa mata. Ganin ya saki fuska, na matsa na kama ƙafarsa, na faɗi abin da na yi kusan shekara ina ɗauke da shi.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe maka duniya da lahira. Tun ranar da na ji kukan yarinyar nan ya tsallako danga na yafe, nauyin baki ne kawai irin namu." Ya ɗora hannu a kaina, abin da bai taɓa yi ba tun ina yaro. Sannan ya ce, "Amma ni tabarma kawai na shimfiɗa, Garba. Ni na kira fura don in tsare fuskata, ita ce ta ɗauko ƙwaryar ta ratsa tsakar gida da ita a gaban gari. Ni na roƙe ta tun a daren. Kai ka taɓa roƙonta?"

Ban taɓa ba. Wata bakwai ta yi a raye bayan ranar nan, kullum da safe ina wuce ta a bakin murhu, in ce mata ina kwana a tsaitsaye, in yi sauri in tafi zaure neman gafara.